Ragar da Aka Cire a Rio Claro: Nazarin Yadda Ƙudan Zuman Afirka Suka Mamaye Birazil

A watan Oktoba na shekarar 1957 wani mai kiwon zuma ya shiga wani dajin itatuwan turare da ke kusa da garin Rio Claro, a jihar São Paulo ta ƙasar Birazil, inda aka jera wasu akwatunan zuma na gwaji. Ya tarar an sanya raga a ƙofar kowane akwati, ya ga ragar tana takura wa ma'aikatan ƙudan wajen shiga da fita, sai ya cire ta. Gida 26 suka tashi da sarauniyoyinsu suka shige daji. Bayan shekara 33, a watan Oktoba na 1990, aka kama jikokinsu a kusa da garin Hidalgo na jihar Teksas a Amurka, tazarar da ta haura kilomita 7,000. Ragar da aka cire ita ce wadda masu sana'ar ke kira ragar tsare sarauniya, kuma duk wata tambaya da mai kiwon zuma zai yi game da sarauniya da amya da kayan aiki, akwai amsarta, ko rabin amsarta, a cikin wannan lamari.

Nahiyar Amurka ba ta da ƙudan zuma irin wanda muka sani tun asali. Tana da nata ƙananan ƙudaje marasa harbi, masu zuma kaɗan, amma mai saƙa da kaki da harbi Turawa ne suka kai shi. A Birazil an fara shigo da shi daga Fotugal a 1839, daga baya baƙi daga Jamus da Italiya suka zo da nasu iri. Waɗannan ƙudan na ƙasashen sanyi ne, dukan tsarin rayuwarsu an gina shi a kan tara abinci da rani domin a tsallake hunturu mai dusar ƙanƙara. A kudancin Birazil, inda ake ɗan sanyi, sun yi abin da za su iya, amma a yankunan zafi sai suka riƙa tafiyar hawainiya, ga cututtuka, ga ƙarancin amfani. Zuwa shekarun 1950 zumar da ƙasar ke samu a shekara ba ta wuce 'yan dubban tan ba, alhali ƙasa ce mai fure kusan duk shekara.

Wannan ne ya sa gwamnati ta nemi Warwick Kerr, wani masanin ilimin gadon halitta ɗan ƙasar wanda aka haifa a 1922, ya samo irin da zai dace da zafi. A 1956 ya tafi Afirka ya tattaro sarauniyoyi, mafi yawansu daga yankin Pretoria na Afirka ta Kudu, da kuma daga Tanzaniya, wadda a lokacin ake kira Tanganyika. Jinsin da ya ɗauko shi ne wanda masana ke kira Apis mellifera scutellata, na tuddan gabashi da kudancin Afirka. A rubuce-rubucen wancan zamani an riƙa kiran sa adansonii, sunan da a yau aka keɓe wa ƙudan Afirka ta Yamma, watau namu, domin a lokacin ba a riga an rarrabe jinsunan ba. Danginsu ɗaya, kuma halinsu ya yi kama ƙwarai: saurin fushi, yawan rabuwa (watau wani ɓangare na gidan ya tashi da sarauniya ya kafa sabon gida), da barin gida ɗungurungum idan an matsa musu ko abinci ya yanke. Nufin Kerr shi ne ya haɗa su da irin Italiya mai sanyin hali, ya zaɓi 'ya'yan da suka gaji ƙwazon Afirka da haƙurin Turai, sannan ya raba wa manoma. Tunanin ba shi da aibi. Inda aka yi sake shi ne wajen tsaro.

Yana da kyau a tsaya a kan ragar nan, domin a kanta aka ɗora dukan nauyin tsaron. Raga ce mai ramuka ko tsagogi da faɗinsu bai wuce kimanin milimita 4.2 ba. Ma'aikaciya tana iya kutsawa, amma ƙirjin sarauniya ya fi ƙarfin tsagar, haka ma namiji, wanda ya fi su duka kauri. Ainihin wurin aikinta cikin akwati ne, tsakanin ɗakin ƙasa da sarauniya ke zuba ƙwai da ɗakin sama da ake tara zuma, domin idan an zo ɗiba a sami saƙa mai tsabta, babu tsutsa a ciki. Wani lokaci kuma akan sa ta a ƙofa, musamman idan an kamo sabon taro an zuba a akwati ana tsoron kada ya gudu, saboda ƙudan da suka fita ba tare da sarauniyarsu ba dole su dawo. Sai dai wannan dabara ta 'yan kwanaki ce. Idan aka bar ragar ta daɗe a ƙofa, maza sukan maƙale su mutu su toshe hanya, ma'aikata sukan zubar da garin furen da suka ɗauro a ƙafafunsu wajen kutsawa, iska takan ragu a cikin gida, kuma idan tsohuwar sarauniya ta mutu aka ƙyanƙyashe sabuwa, ba ta da hanyar fita ta sadu da maza, gidan kuwa ya mutu ke nan a hankali. Duk mai kiwon da ya san aikinsa, idan ya ga raga a ƙofar gida mai ƙarfi, hannunsa zai yi ƙaiƙayin cire ta. Saboda haka a ganina mutumin da ya cire ragar ya yi abin da sana'arsa ta koya masa, laifinsa kawai taɓa kayan da ba nasa ba. Babban kuskuren na wanda ya dogara da abu guda ɗaya ne, wanda kowa zai iya zare shi da yatsu biyu, wajen tsare irin da bai gama sanin halinsa ba. Akwai wasu hanyoyin da aka sani tun kafin lokacin, kamar datse fiffiken sarauniya ɗaya don kada ta iya tashi, da yi mata baye da hannu ta amfani da na'ura, wanda aka fara a shekarun 1920 aka kuma inganta a shekarun 1940, da ajiye gidajen gwaji a tsibiri inda ko sun tsere ba su da wurin zuwa. Ko ragar kanta ba ta da tabbas ɗari bisa ɗari, domin ƙudan Afirka sun ɗan fi na Turai ƙanƙanta, kuma sarauniya 'yar firit, musamman budurwa, takan iya zurarewa ta tsagar da aka auna da jikin wata.

Abin da ya ba masana mamaki shi ne abin da ya biyo baya. An zaci gida 26 za su narke a cikin ɗimbin ƙudan Turai da ke ƙasar, kamar gishiri a tulu, bayan 'yan shekaru a daina jin ɗuriyarsu. Sai aka ga akasin haka: ƙudan Turai ne suka narke. Sabon irin ya riƙa cin ƙasa da gudun kilomita 300 zuwa 500 a shekara, ya kai arewacin nahiyar Amurka ta Kudu a shekarun 1970, ya shiga Fanama a 1982, ya isa Meksiko a tsakiyar shekarun 1980. Ta kudu kuwa sanyin hunturun Ajantina ne ya taka masa birki, domin ba shi da al'adar dunƙulewa wata da watanni a kan abincin da aka tara.

Dalilin wannan rinjaye yana cikin rayuwar sarauniya, kuma a nan ne mai kiwo ya fi buƙatar natsuwa. Sarauniya takan fita saduwa da maza kimanin mako guda bayan ƙyanƙyasarta, a sararin sama, nesa da gidanta, a wasu wurare da maza daga gidaje barkatai ke taruwa. Takan sadu da maza goma zuwa ashirin, kowannensu ya mutu nan take, ita kuma ta adana maniyyinsu a wata 'yar jaka a cikinta, wanda da shi za ta yi amfani har ƙarshen rayuwarta. A lokacin yalwa tana iya zuba ƙwai 1,500 zuwa 2,000 a rana. Ƙwan da maniyyi ya taɓa mace yake zama, ma'aikaciya ko sarauniya gwargwadon abincin da aka ba tsutsar, wanda bai taɓa ba kuwa namiji yake zama, shi ya sa namijin zuma yana da uwa amma ba shi da uba. Ma'anar wannan ga mai kiwo ita ce, akwatin nasa ne, sarauniyar ma tasa ce, amma ubannin ma'aikatansa na daji ne, kuma ba shi da ta cewa a kan su waye.

Sai mu ɗauki gidan wani manomi a São Paulo mai sarauniya 'yar Italiya tsantsa. Ta tsufa, ƙudan suka rena 'yarta, ta fita ta sadu da maza, wasu na Turai, wasu na Afirka. Yanzu ma'aikatan gidan sun zama uwa ɗaya uba daban-daban. Da lokacin sake sarauniya ya zo, ƙudan sukan gina ɗakunan sarauta da yawa a lokaci guda, kuma wadda ta fara fitowa takan bi sauran ta harbe su tun suna cikin ɗakunansu. Sarauniyar Turai takan ɗauki kwana 16 daga ƙwai zuwa fitowa, mai jinin Afirka kuwa takan riga ta da kimanin yini guda. Wannan yini ɗaya ya isa. A kowane zagaye 'yar uban Afirka ce ke hawa gadon, ta fita ta sake saduwa da mazan da yawancinsu na Afirka ne, har bayan zagaye biyu ko uku manomi ya wayi gari da gidan da ba ya iya kusanta, alhali bai sayi sarauniya ba, bai kamo taro ba, bai canza komai ba. Ma'aikatan ma haka abin yake, na Turai kwana 21, na Afirka 19 zuwa 20, don haka gidansu ya fi saurin cika.

Ga kuma yawan rabuwa. Gidan Turai yakan rabu sau ɗaya a shekara, wani lokaci ma bai rabu ba, shi kuwa na Afirka yakan rabu sau da dama, yana mai da kusan duk abin da ya samu zuwa 'ya'ya maimakon ajiya. Ba ya kuma zaɓen masauki: kogon itace, ramin ƙasa, tsohuwar taya, rufin ɗaki, duk gida ne. Yana fitar da maza da yawa, har mazan nasa sukan shiga gidajen Turai a ciyar da su. An kuma lura da wata ɗabi'a ta ƙwace, inda ƙaramin taro ke sauka a jikin akwatin da ya yi rauni ko ya rasa sarauniya, ma'aikatansa su kutsa a hankali, a ƙarshe tasu sarauniyar ta maye gurbin ta gidan. Binciken da aka wallafa a 1989 kan wani sashe na gadon halitta da ake samu ta wajen uwa kaɗai ya nuna cewa yawancin ƙudan dajin da ke kan gaba wajen yaɗuwar zuriyar uwayen Afirka ne kai tsaye, watau taro ne ke haifar taro yana gaba, ba wai mazan ne kawai ke lalata gidajen Turai ba.

Shekarun 1960 sun yi wa masu kiwon zuma na Birazil tsauri. Dafin ƙudan Afirka bai fi na Turai ƙarfi ba, harbi ɗaya da ɗaya duk ɗaya ne. Bambancin yana ga yawan masu fitowa, da saurin fitowarsu, da nisan da suke bin mutum, wanda kan kai ɗaruruwan mitoci, da daɗewar da suke yi kafin su huce. Mutanen kuwa sun saba da ajiye akwatunansu a bayan gida, kusa da akurkin kaji da turken dabbobi, a jere a kan benci guda, suna buɗe su da 'yar ƙaramar na'urar hayaƙi da hula mai raga, wasu ma hannu tsirara. Da halin ƙudan ya sauya, sai wannan tsari ya zama tarko. Benci guda yana nufin idan an bubbuga akwati ɗaya girgizar ta isa ga sauran, kafin a gama da na farko na goma ya riga ya tashi. Dabbar da ke ɗaure ba ta da hanyar gudu. An yi asarar kaji da karnuka da dawaki, an yi asarar rayukan mutane, maƙwabta suka tayar da ƙayar baya, da yawa daga cikin masu sana'ar suka ƙone akwatunansu ko suka watsar da su. A wannan lokaci ne jaridu suka laƙaba musu sunan ƙudan kisa, sunan da ya bi su har Amurka ya kuma cika gidajen sinima da finafinan tsoro.

Matakin farko da aka ɗauka shi ne ƙoƙarin mai da hannun agogo baya. Kerr da abokan aikinsa suka rena dubban budurwar sarauniyoyi 'yan Italiya suka raba wa manoma, da fatan jinin Turai zai rinjayi na Afirka. Ya ɗan sassauta halin wasu gidaje a kudu, amma bai daɗe ba, saboda dalilin da aka riga aka bayyana: budurwa a sama take saduwa da maza, sama kuwa ta 'yan daji ce. Har manoman da kansu suka fara juya wa 'yan Italiyar baya, domin sun lura gidajen masu faɗan sun fi kawo zuma. Bayan shekara ashirin an sake gwada irin wannan a babban mataki, lokacin da Amurka da Meksiko suka haɗa hannu daga 1987 domin tare ƙudan a kudancin Meksiko, inda ƙasar ta tsuke. An rataye akwatunan tarko bila adadin, an halaka tarukan da aka kama, an sauya sarauniyoyi, an saki mazan Turai. Ƙudan suka wuce abinsu.

Abin da ya fitar da Birazil daga wannan hali ya fara ne lokacin da masu bincike, musamman na jami'ar São Paulo reshen Ribeirão Preto, da sababbin masu kiwon da ba su taɓa sanin ƙudan Turai ba, suka karɓi ƙudan a yadda suke, suka shiga gyara kayan aiki da tsarin aiki. An kwashe akwatuna daga bayan gida zuwa daji, mita 300 ko fiye daga gidaje da hanyoyi da garken dabbobi, sau da yawa a bayan shingen itatuwa da ke tilasta wa ƙudan tashi sama. An yi watsi da benci, kowane akwati ya sami nasa maɗori, da tazarar 'yan taku tsakaninsa da na kusa. An ɗinka rigar kariya mai rufe jiki duka, fara ko mai haske, ta yadi mai santsi, domin baƙin abu mai gashi-gashi shi ne ke tunzura su, an haɗa da safar hannu da takalmi mai tsawo. An daina aiki mutum ɗaya: ɗaya yana buɗe akwati, ɗaya yana riƙe da hayaƙi.

Na'urar hayaƙin ita ce ta fi kowane kaya sauyawa. Ta Turai 'yar gwangwani ce da ake riƙewa da hannu ɗaya. Ta Birazil babba ce, mai ƙatuwar mafura, ana cika ta da ɓawon katako ko dusar itace, tana ba da farin hayaƙi mai sanyi na tsawon lokaci ba tare da ta mutu ba. Amfanin hayaƙi biyu ne. Idan ma'aikaciya ta yi harbi takan bar wani wari, mai kama da na ayaba, wanda ke kiran 'yan uwanta zuwa daidai wurin, hayaƙi kuwa yana rufe wannan wari. Na biyu, yana sa ƙudan su dukufa shan zuma, wanda ke ɗauke hankalinsu daga mai buɗe gidan. Da ƙudan Turai 'yar busa biyu ta wadatar. Da na Afirka dole a fara busawa a ƙofa tun kafin a taɓa murfi, a jira kaɗan, a busa wa gidajen da ke kusa su ma, kuma idan hayaƙi ya yanke a tsakiyar aiki to a rufe a tafi. Bahaushe ya daɗe da cewa shan zuma sai da wuta, kuma mai hawa bishiya da dare da damin kara yana ci a hannunsa don sauke amyar ciyawa ya san da irin ƙudan da yake hulɗa. Bambancin shi ne harshen wuta yana ƙone ƙudan da 'ya'yansu, ya sa wa zuma ƙauri, sau da yawa ya kori gidan gaba ɗaya, alhali hayaƙi mai sanyi yana barin gidan da rai a dawo masa a kaka mai zuwa.

Game da akwati, Birazil ta tsaya a kan samfurin Langstroth, wanda wani limamin coci Ba'amurke ya yi wa rajista a 1852. Sirrinsa shi ne tazarar milimita 6 zuwa 9 da ake bari tsakanin firam da firam (firam shi ne katakon da ake ratayawa a cikin akwati, ƙudan su gina saƙa a cikinsa) da kuma tsakanin firam da bango: idan ta gaza haka ƙudan su liƙe ta da ƙaro, idan ta wuce su gina saƙa a ciki, idan ta yi daidai su bar ta hanya, a iya zaro kowane firam a duba a mayar. Kafin lokacin ana amfani da samfura iri-iri a ƙasar, haɗuwa a kan guda ɗaya kuwa ya sa firam ɗin wannan ya shiga akwatin wancan, kafinta ya san awon da zai yanka, injin tace zuma ya karɓi kayan kowa. Sai dai awon da aka yi wa ƙudan Turai ba ya zama daidai ga na Afirka a kowane wuri. Ramukan saƙarsu sun fi ƙanƙanta, ƙasa da milimita 5, na Turai kuwa sun haura 5, kuma idan an bar su su yi gini da kansu sukan jera saƙa kusa da kusa. Wannan ne dalilin da ya sa a akwatin sanduna na Kenya, wanda ya yaɗu a ƙasashenmu, ake yanka kowace sanda da faɗin milimita 32, alhali ga ƙudan Turai 35 ake yi. Kafintan da ya ƙara milimita uku don ganin idonsa zai sa ƙudan su gina saƙa a karkace ta haɗe sanduna, ranar dubawa kuwa sai an yanka, zuma ta zube, faɗa ya tashi.

Samun ƙudan kansu ya zama kyauta. A ƙasashen sanyi mai kiwo sayen ƙudan yake yi da sarauniyarsu a cikin kwali. A Birazil sai ya rataye ƙaramin akwatin tarko a bishiya, ya sa 'yan firam masu ɗan kaki, ya goga wa cikinsa ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake dafawa a shayi, wadda ƙamshinta ya yi kama da wanda ƙudan ke fitarwa don kiran juna, ya dawo ya tarar da taro ya sauka. Wannan ya buɗe wa talaka ƙofar sana'ar, amma yana da nasa cikas, domin abin da daji ya ba ka shi ka samu: wani gidan mai ƙwazo, wani malalaci, wani kuwa ba ya taɓuwa. A nan ne aikin zaɓe ya shigo. Bambancin hali tsakanin gida da gida a cikin ƙudan Afirka yana da faɗi ƙwarai, kuma ana gadonsa. Mai kiwon da ke rubuta abin da kowane akwati ya ba shi, da yadda ya karɓe shi ranar dubawa, yana iya cire sarauniyar gidan da ya fi mugunta ya kashe ta, ya ba su 'yar gidan da ya fi kyau. Ana saka sabuwar ne a cikin ɗan keji mai toshiyar alewar sukari, ƙudan su ɗauki 'yan kwanaki suna cin alewar, kafin su kai gare ta sun saba da warinta. Ƙudan Afirka sun fi na Turai wuyar karɓar baƙuwa, kuma neman tsohuwar ma aiki ne, domin suna gudu a kan saƙa su taru a kusurwa, shi ya sa ɗiga wa sarauniya fenti a baya yake da muhimmanci. Akwai launukan da aka amince da su a duniya gwargwadon lambar ƙarshen shekara: fari ga 1 da 6, rawaya ga 2 da 7, ja ga 3 da 8, kore ga 4 da 9, shuɗi ga 5 da 0. Ranar da mai kiwo ya buɗe akwati ya ga sarauniya marar fenti, ya san tasa ta tafi ko an sauya ta, kuma halin gidan na iya canzawa nan da makonni shida, lokacin da 'ya'yan sabuwar suka maye gurbin tsofaffin. Cewa halin na iya yin laushi ba zato ba ne: a tsibirin Puerto Rico, inda ƙudan suka isa a 1994, zuriyarsu ta zama mai sanyin hali kusan kamar ta Turai cikin 'yan shekaru.

Wata riba ta zo da ba wanda ya yi lissafinta. Akwai wani ƙwaro mai kama da ƙaramar kaska, Varroa, da ya tsallako daga ƙudan Asiya ya addabi na Turai a duk duniya, har ya zama a Turai da Amurka gidan da ba a sa wa magani ba yakan mutu cikin 'yan shekaru. Ya shiga Birazil tun shekarun 1970, amma ƙudan can suna rayuwa da shi ba tare da magani ba, saboda suna kakkaɓe juna, suna gano ramukan da tsutsa ta kamu su buɗe su fitar da ita, gajeren lokacin da 'ya'yansu ke yi a rufe yana rage wa kaskar damar hayayyafa, yawan rabuwa da ƙaura kuma yana katse mata zama. Zumar da ba a sa wa gidanta magani ba tana da daraja a kasuwar duniya, kuma Amurka, wadda ta kashe kuɗi mai yawa don tare waɗannan ƙudan, ita ce babbar mai sayen zumarsu. A 'yan shekarun nan abin da Birazil ke samu ya haura tan 50,000 a shekara. Ga kuma koren ƙaron zuma na jihar Minas Gerais, wanda Japan ke saye da tsada. Kerr ya rayu har 2018, ya ga wannan duka, ko da yake bai daina jin nauyin rayukan da aka rasa ba.

Yankin da ya fi cin moriyar sauyin shi ne arewa maso gabashin ƙasar, busasshen daji mai ƙaya da gajeriyar damina da dogon rani, inda ƙudan Turai ba su taɓa yin kataɓus ba. Garin Picos na jihar Piauí ya zama cibiyar zuma, ƙananan manoma suka kafa ƙungiyoyin haɗin gwiwa da ɗakunan tace zuma na tarayya. Matsalarsu a yau ita ce wadda duk mai amya a Katsina ko Damagaram ya sani: idan rani ya tsananta, fure ya ƙare, ruwa ya ƙafe, rana ta gasa murfin akwati, ƙudan sukan tattara su bar gidan fayau. A farin da aka yi a 2012 yankin ya yi asarar gidaje masu ɗimbin yawa ta wannan hanya, zumar da aka samu ta faɗi warwas. Sanya raga a ƙofa ba ya magance wannan, domin gidan da aka tsare ba abinci mutuwa zai yi a ciki. Abin da masu kiwon can suka koya shi ne su ajiye akwatuna a inuwar bishiyar da ba ta kaɗe ganye, su kafa mashaya a kusa da tsakuwa ko itace a ciki don kada ƙudan su nutse, su bar musu wani kaso na zuma a ɗiban ƙarshe, su ba su ruwan sukari da abinci mai maye gurbin garin fure idan ajiyar ta ƙare, su haɗe gidaje biyu masu rauni su zama ɗaya, su kuma sauya sarauniya kafin ta tsufa, domin wadda ke kan ganiyarta takan ci gaba da zuba ƙwai ko da kaɗan ne, ƙudan kuwa ba kasafai suke tafiya su bar 'ya'ya a saƙa ba. Masu hali a cikinsu sukan loda akwatunan a mota da dare, bayan ƙudan sun gama shiga, su bi fure zuwa wata jihar, su dawo da su idan ruwan farko ya sauka.